Biki, Tukwici da Gyara: Lissafin da Ba a Son Rufewa

Takardar naira dubu ba ta sauya kama in ta tashi daga wannan hannu zuwa wancan, amma a ƙasar Hausa sunanta yana sauyawa. In aka miƙa wa almajiri, sadaka ce. In aka ba yaron da ya kawo kwanon abinci daga maƙwabta, tukwici ce. A hannun mai jego ranar suna ta zama gudummawa ko biki, a hannun budurwa toshi, a gaban basarake gaisuwa, a aljihun dillali la'ada, ranar idi kuma goron Sallah. Kowane suna da hukuncinsa: wa ke bayarwa, wa ke karɓa, a ɓoye ko a bainar jama'a, za a rama ko ba za a rama ba, in za a rama da nawa kuma yaushe. Yaro ɗan shekara goma ya san akasarin waɗannan ƙa'idoji ba tare da an zaunar da shi an karanta masa ba. Inda rigima ke tasowa shi ne idan mai bayarwa ya raɗa wa abu suna a zuciyarsa, mai karɓa kuma ya karɓe shi da wani sunan daban.

Ko yadda ake miƙa kuɗin ma yana faɗin sunansa. Wanda ya je dubiya asibiti ko gaishe da gyatumar abokinsa zai nannaɗe kuɗin ya dunƙule a hannun dama, ya bari sai ya miƙe zai tafi, sannan ya tura ƙarƙashin matashi ko gefen tabarma, ya ce "ga wannan ba yawa, a sayi lemo." Mai karɓa za ta ce "haba, har da ɗawainiya?" Ba za ta buɗe ba, balle ta ƙirga, sai ya fita. Ana ƙanƙanta kyautar da baki ne don kada ta yi kama da sadaka, domin sadaka ga tsaranka ko na gaba da kai cin fuska ce, ko da kuwa yana cikin buƙata. Shi ya sa ake laƙaba mata wani uzuri, a ce kuɗin mota ne, ko na sabulu, ko a saya wa yara alewa. Sadaka kuwa ba a yi mata tukwici, ba a kuma jiran ramuwa. Abin da ake ce wa mai bayarwa shi ne Allah ya karɓa, Allah ya ba da lada, don da Allah ya ƙulla cinikin.

Kasuwa ce wurin da lissafi ke rufewa sarai. Mai saye ya taya, in tayin bai kai ba mai kaya ya ce "albarka." Kalmar ƙi ce, amma an lulluɓe ta da addu'a yadda babu wanda zai ji an gwale shi. A yi ta ja har mai kaya ya ce ya sallama. Daga nan ciniki ya faɗa, wani ba ya tsoma baki ya ƙara farashi, kuma a nan babu kunyar ƙirga kuɗi a gaban juna, har sau biyu. In an rabu, babu mai bin wani ko kwabo.

To amma dubi abin da ke biyo baya. Mai awo ya gama auna mudu biyar na gero, sai ya dumbuza hannu guda ya watsa a kai. Mai ƙosai ta ƙirga na ɗari biyar ta jefa biyu. Mahauci ya yanko 'yar tsoka ko kitse ya ɗora. Wannan ita ce gyara, kuma tana da sharuɗɗa biyu: sai bayan an gama magana kan farashi take zuwa, kuma da kaya ake yin ta. In kuɗi aka rage, sunansa ragi, shi kuwa cikin ciniki yake, yana ƙarewa da ƙarewarsa. Gyara ita ce ɗan abin da mai kaya ke bari a wuyan mai saye da gangan, bayan an riga an biya shi hakkinsa cif, domin gobe ƙafa ta sake kawo shi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Tana lalacewa ne idan mai awo ya bubbuge gindin mudunsa ya rage masa ciki, sannan ya yi gyara daga abin da ya riga ya tauye. Wannan sata ce da aka yi wa kwalliya, kuma Suratul Muɗaffifina a kanta ta sauka.

Abin da gyara ke yi a ƙaramin mataki, shi ne tukwici da biki ke yi a babba: a hana lissafi tsakanin mutum biyu ya koma babu.

Kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce, ɗiyan katantanwar teku da ake kwasowa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzar da dalar azurfa guda. Wuri 20,000 shi ne keso, kayan ƙato guda kenan a ka. Kyauta mai tsoka a wancan zamani sai da mai ɗauka. Ga kuma kulle da kunya, waɗanda suka sa matan aure ba sa kai saƙo da kansu, suruki ba ya miƙa wa surukinsa abu hannu da hannu. Saboda haka ɗan aike ya zama ɓangare na kyautar, kuma shi ake ba tukwici.

Tukwici na ɗan aike ne, amma saƙo ne ga wanda ya aiko. Da yaro ya dawo za a tambaye shi me aka ba shi, domin daga nan ake gane yadda aka karɓi kyautar. Yaba kyauta tukwici. Magabata sukan kintata shi wajen kashi ɗaya cikin goma na darajar abin da aka kawo, ko da yake in kyauta ta yi girma, kamar rago ko buhun shinkafa, yau ba kowa ke iya cika wannan ma'auni ba. Kuskure biyu ake yi. In ya yi ƙanƙanta ainun, an raina kyautar kenan. In kuma ya yi kusa da darajarta, ma'anarsa "na biya ka, ba ka bi na komai," wannan kuwa ya fi na farko ciwo. Shi ya sa kwanon maƙwabta ba ya komawa wayam, kuma ba ya komawa da irin abin da ya zo da shi nan take. A wanke shi, a sa ƙwai biyu ko sabulu ko ashana a ciki. Ramuwar abincin kanta sai wata rana, ranar da ba a zata ba.

Biki ne ya fi duka tsari, kuma shi ya fi jawo magana. Ranar suna ko wunin aure, uwar biki tana zaune a ɗaki, aminiyarta ko ƙanwarta na gefe riƙe da jaka da littafi. Duk wadda ta shigo ta miƙa nata, a ƙirga a gabanta, a faɗa da ƙarfi, a rubuta sunanta da adadin. A nan ɓoyewa ce aibi, saɓanin kuɗin dubiya. Abin da ke shigowa iri biyu ne. Akwai gudummawa, wadda 'yan'uwa da maƙwabta ke bayarwa gwargwadon hali, ana ramawa amma babu adadin da aka yanke. Akwai kuma biki na ainihi, tsakanin mata biyu da suka ƙulla shi, wanda ƙa'idarsa ninki ce.

A ɗauki Ladi da Talatu a matsayin misali. Talatu ta haihu, Ladi ta kai mata 1,000. Ladi ta tashi aurar da 'ya, Talatu ta kawo 2,000. Zagaye na uku Ladi za ta kai 4,000, na huɗu a kawo mata 8,000, sai 16,000, sai 32,000, na bakwai 64,000. In aka tara, a zagaye na bakwai Ladi ta fitar da 85,000, ta karɓi 42,000. Zagaye ɗaya kafin nan kuwa Talatu ce ta fitar da 42,000 alhali ta karɓi 21,000. Wato a kowane lokaci wadda ta bayar a ƙarshe ita ke bi, kuma abin da ta fitar ya kai ninkin abin da ta karɓa. Babu ranar da za su yi kunnen doki. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne, shi ne manufar abin. Muddin ɗaya na bin ɗaya, dole a riƙa tambayar lafiyar juna, dole a san ranar da cikin wance zai sauka. Ga macen da ba ta da albashi kuma banki ba ya ba ta rance, wannan hanya ce ta ajiye kuɗi kaɗan kaɗan a hannun mutum ashirin ko talatin, ranar buƙata su dawo mata a dunƙule, ta sayi katifa da kwanuka.

Tun da ninki ba ya tafiya har abada, akwai hanyar sauka. In adadin ya yi nauyi, su biyun sukan yi magana su koma ƙasa su sake farawa. In kuwa mace ta mayar da daidai abin da aka kawo mata, babu ƙari kuma babu bayani, kowa ya san abin da take nufi: ta rufe littafin. Ƙawance da yawa a nan suka mutu, ba tare da an yi cacar baki ba.

Wuraren da biki ke karyewa sanannu ne. Na farko, bukukuwa ba sa zuwa daidai wa daida. Mai 'ya'ya takwas tana da suna takwas da aure takwas, wadda Allah bai ba haihuwa ba kuwa sai ta yi ta zubawa babu ranar kwasa. Maganin da al'ada ta yi wa wannan shi ne riƙo, ko kuma mace ta ɗauki bikin 'yar ƙanwarta ko ɗan wanta ta ce nata ne, ta raba goron gayyata, abokan bikinta su zo su sauke nauyi. Wanda bai san dalili ba zai ce kwaɗayi ne, alhali hakkinta take karɓa. Na biyu, bukukuwa kan taru a lokaci guda, da kaka bayan amfanin gona ya shigo, da kuma watannin gab da azumi. Mace na iya samun biki huɗu a mako biyu, kowanne da adadinsa a rubuce. A nan ake sayar da akuya ko ɗan kunne, ko a ci bashi don a biya bashi.

Na uku shi ne faɗuwar darajar naira, kuma ya sauya ma'anar ninkin kansa. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. In farashi na hawa da kashi 30 a shekara, kafin shekara uku ya ninka. Don haka wadda ta kai 10,000 aka mayar mata da 20,000 bayan shekara uku, kuɗinta kawai ta karɓa, wataƙila ma da 'yar asara. Wadda kuma bikinta ya zo bayan wata biyu ta ci riba sosai. Littafin biki adadi yake rubutawa, ba ya rubuta mudu nawa kuɗin ke saye a ranar.

Malamai sun daɗe suna tambayar wane suna za a ba wannan kuɗi. In kyauta ce, ba a bin ta, kuma hadisi ya kwatanta mai karɓe kyautarsa da karen da ke komawa ga amansa. In rance ne, ƙarin da aka sharɗanta a kansa riba ce. Malikiyya sun san kyautar da ake yi don a rama, amma hukuncin ciniki suke ba ta, shi kuwa cinikin kuɗi da kuɗi ba ya halatta da fifiko. A ganina matsalar ba a littafin take ba. Rubutu kariya ne, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Abin da ya kamata a sauke shi ne tilascin ninki da gorin da ke bin wadda ta gaza, a bar kowa ta rama da abin da ta iya. Masu cewa a soke biki ɗungurungum ba su faɗi abin da zai maye gurbinsa ba ga matar da ke da 'ya'ya mata biyar kuma sana'arta ƙuli-ƙuli.

A harkar aure sunayen sun fi yawa: kuɗin na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, kayan sa rana, toshin Sallah, lefe, sayen baki, da sadaki. A cikinsu duka sadaki kaɗai shari'a ta wajabta, kuma hakkin amarya ne ita kaɗai. Shi ya sa ake shelanta shi a gaban shaidu, a ce naira kaza, lakadan ba ajalan ba. Mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari ne. Dinari giram 4.25 ne na zinariya, rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Sau da yawa sadakin ne mafi ƙanƙanta a jerin abin da ango zai kashe. Lefe ya fi shi nesa ba kusa ba: akwati nawa, atamfa turmi nawa, leshi, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, duk a baje a ƙirga a gaban dangi. Matan da suka kawo a ba su tukwici, wasu dangin angon su ɗebi wani abu su mayar da saura don nuna ba kuɗi ya kawo su ba.

Masu cewa ana sayar da 'ya'ya mata ba su tsaya sun ga amsar da gidan amarya ke bayarwa ba. Gado, katifa, kujeru, labule da kayan girki duk daga wajen iyayenta suke, sannan a biyo da gara: shinkafa, taliya, manja, man gyaɗa, alkaki, nakiya da dubulan. A gidaje da dama uban amarya ya fi ango kashe kuɗi. Ma'anar ita ce 'yarmu ba a yasar da ita ba, tana da gata. Kayan ɗakin kuma mallakinta ne. Tun zamanin ƙore da tasoshi, zuwa kwalla da samira, zuwa firji, jeren ɗaki taskar mace ce da take iya sayarwa ranar tsanani ko ta ajiye wa 'yarta. Ɓarnar tana shigowa ne in gidajen biyu suka mayar da abin gasa, a ari akwati don a cika ido, uba ya sayar da gona, ango ya tare da bashin da zai shekara biyu yana biya.

Adashe shi ne akasin biki, don shi an gina shi ne ya rufe. Mutum goma, zubin 5,000 duk mako, kwasa 50,000, mako goma an gama kowa ya karɓi daidai abin da ya zuba. Ba ya karyewa sai a wuri ɗaya: wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi. Shi ya sa uwar adashe mai hankali ke ajiye baƙon ido a ƙarshen layi.

Sai goro, wanda ya ara wa kuɗi sunansa. Ba ya tsiro a ƙasar Hausa. Fatake ne suka riƙa tafiyar watanni zuwa Gwanja, su saro shi a kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, daga dazuzzukan Asante. Tsadarsa da nisan hanyarsa suka mai da shi abin girmamawa. Ana ƙirga shi da ƙwarya, wato ɗari, a raba a ɗaurin aure da suna. Har yau in aka ce "albishirinka," amsar ita ce "goro," a ce "fari ko ja," a ce "fari tas," ko da abin da za a bayar kuɗi ne. Wannan kyakkyawan suna shi ne ma'aikacin da ya riƙe takardar mutum ke fakewa da shi ya ce a ba shi na goro. Haka gaisuwa, wadda asalinta ɗan abin da na ƙasa ke riƙewa in zai je gaban na sama, shi kuma na sama ya mayar da abin da ya fi, riga ko doki ko kariya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwa tare da jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan Hausa da su a Kitabul Farƙi, don ta zama farashin samun biyan buƙata a fada.

Ma'aunin rarrabewa yana cikin hadisin Ibnul Lutbiyya da Buhari da Muslim suka ruwaito. An aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa. Duk abin da ba zai zo ba in mutum ya sauka daga kujerar, na kujerar ne. Haɗarin yana cikin ainihin abin da ya sa kyauta ke da daɗi: tana barin nauyi a wuyan mai karɓa. Tsakanin maƙwabta wannan nauyi zumunci ne. A wuyan alƙali ko mai ba da kwangila, da hakkin wani za a sauke shi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Taliya da atamfar da ake rabawa ranar jajibirin zaɓe ma da wannan igiya suke ɗaure mutane.

Sauyi mafi girma a 'yan shekarun nan ta waya ya shigo. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta haramta liƙi da tattaka naira, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza 50,000 ba, ko duka biyun. Sai kuma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, wanda ya tilasta wa har tsofaffi da masu tallan kan titi karɓar kuɗi ta asusu. Yanzu katin gayyata kan zo da lambar asusu a ƙasansa.

Turawa ta waya ta sauƙaƙa wa na nesa, ta kuma rage ɓatan kuɗi a cunkoson ɗakin biki. Amma ba a dunƙule ta a tafin hannu. Adadin yana fitowa ƙuru-ƙuru da sunan mai turawa, don haka wanda ke da 500 kacal, wanda da zai nannaɗe ta ya ce ba yawa, yanzu yakan ji nauyin turawa ya haƙura. Babu ɗan aike, saboda haka babu tukwici, kuma yaran da ke tara na kayan Sallah daga aike sun rasa wannan ƙofa. Mai karɓa ne ya rage da nauyin ɗaga waya ya ce "na ga saƙo, Allah ya bar zumunci," in ya yi jinkirin kwana biyu an ɗauka raini ne. A ɗakin biki kuma mai littafi tana nan da alƙalaminta, kuma matan sun san bambancin wadda ta zo ta zauna ta ci tuwo ta miƙa dubu biyu, da wadda ta turo dubu goma daga gida. Wadda ta turo ba ta zo ba, ranar nata bikin ita ma turo mata za a yi.